Ku Tambayi Anti Nas: Yarona ba ya magana, likita ta ce a gwada jininshi

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da wannan mako. Tunda muka taɓo zancen otizim, wato galahanga, saƙonni ke ta shigowa, na tsinto waɗanda suka shafi cututtukan gado don su ne ba a cika magana a kansu ba. Na cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Salam Anti ina wuni ya aiki ya yara. Dan Allah ki taimaka mani da bayani kaina ya ɗaure. Yarona shekararshi 3 da rabi har yau ko Mama bai taɓa cewa ba, in ka kira sunanshi ko waigowa ba ya yi amma da ya ji ƙarar ledar biskit daga ɗaki zai rugo, kin ga ai ba kurma ba ne. Wuni zai yi yana juya murfin tukunya a ƙasa yana kaɗa hannuwa, ba ya shiga cikin yara, kuma yana jijjiga ba tare da zazzaɓi ba. Yayarshi mai shekara 7 ita ma haka take tata ma ta fi tsanani, sauran ɗiyana biyu lahiyarsu lau suna makaranta. Abin da ya fi ba ni mamaki su biyun nan sun fi kowa haske a gidan, gashinsu ja-ja, kuma fitsarinsu da zufarsu wani irin wari gare su kamar na ɓera, ko na wanke zanin goyo da omo sai na ji shi. Na sha faɗi a asibiti ana ce mani tamowa ce ko rashin tsafta. Sai kwanan nan wata likitar yara ta zamna ta saurare ni ta ce alamun otizim ne amma tana zargin wata cutar gado da ta shafi yadda jiki ke sarrafa abinci, ta rubuta mamu gwajin jini mai tsada. Ni da maigidana auren zumunci ne ɗan baffana ne. Anti mi ya haɗa abinci da rashin magana? Wani abu na ba su da ya jawo? Kuma in an yi gwajin za su warke ko asarar kuɗi kawai za mu yi?
Daga wata uwa, Ƙofar Marusa, Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ɗawainiya, Allah Ya ba yaran nan lafiya ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Bari in fara da tambayarki ta tsakiya don na san ita ke hana ki barci. A'a, ba wani abu kika ba su ba, ba kuma wani abu kika ci da ciki ba. In har zargin likitar nan ya tabbata to da abin aka haife su, tun ranar da cikinsu ya shiga yana nan a ƙwayoyin halittarsu. Kuma wallahi likitar nan ki riƙe ta hannu bibbiyu, don wanda zai zauna ya saurari zancen warin zanin goyo bai ɗauke shi shirme ba ya san aikinshi.

Shi otizim ba kamar maleriya ba ne da za a ɗebi jini a ce ga ƙwayar cutar nan. Tarin alamu ne da ake gani a ɗabi'ar yaro, ba ya haɗa ido, ba ya nuna maki abu da yatsa don ki gani, magana ta makara ko ta zo ta koma, yana ta maimaita abu ɗaya, ƙara ko taɓi na damunshi fiye da kima. Wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner ne ya bayyana shi a rubuce a 1943 bayan ya duba yara 11, yau kuwa ana ƙiyasin kusan yaro 1 cikin 100 a duniya, kuma maza sun fi mata yawa sosai. Mafi yawansu duk gwajin da za a yi ba za a kama dalili guda ɗaya tak ba, ƙwayoyin gado ne masu yawa suka haɗu. Amma akwai 'yan kaɗan, kaɗan ɗin gaske, da wata cuta ce ke kwance ƙarƙashin alamun nan, kuma su ne nake jin ciwon a yi sakaci da su don wasu daga cikin cututtukan ana iya tare su.

Ki ɗauka jikin mutum gidan injin niƙa ne, duk abin da aka ci akwai injin da ke niƙa shi ya maida shi abin da jiki zai amfana, injinan nan su likitoci ke ce ma enzayim. In yaro ya gaji inji guda a lalace sai kayan da ya kamata a niƙa su taru jibgi har su zama guba, garin da ake jira kuma bai fito ba, ƙwaƙwalwar jariri da ke tsakiyar girma kuwa ita ke fara jin jiki. Toh kin ji abin da ya haɗa abinci da rashin magana. Abincin lafiyarshi lau, ai shi sauran ɗiyanki biyu ke ci.

Abin da kika zayyana, hasken fata da jan gashi da jijjiga da wannan wari, ya fi kama da wadda ake kira PKU, cikakken sunanta fenilketonuriya. Duk abinci mai gina jiki, nama, kifi, ƙwai, nono, wake, gyaɗa, awara, yana ɗauke da wani sinadari fenilalanin, hanta ce ke juya shi ya koma wani da ake kira tayirosin. Mai PKU hantarshi ba ta iya wannan aikin, sai fenilalanin ya cika jini ya haura ƙwaƙwalwa. Tayirosin ɗin da bai samu ba kuwa da shi jiki ke yin baƙin fata da na gashi, shi ya sa suke fin 'yan'uwansu haske, warin kuma ragowar sinadarin ne ke fita ta fitsari da zufa. Ana haihuwarsu sumul ba a ganin komai don a ciki jikin uwa ke tace masu jini, sai an yi 'yan watanni abin ya fara nunawa a hankali.

Kuma kin san wa ya sa aka gano cutar nan? Uwa ce irinki. A ƙasar Nowe a 1934 wata mata mai yara biyu da ba su ci gaba ta yi ta nacin cewa fitsarinsu na wari ana kore zancenta, har ta faɗa hannun wani likita Asbjorn Folling, ya ɗiga wani sinadari a fitsarin ya ga ya koma kore shar, abin da bai taɓa gani ba, ya bi diddigi har ya gano ta. A farkon shekarun 1950 a Birmingham ta Ingila likita Horst Bickel da abokan aikinshi suka haɗa abinci da aka cire ma fenilalanin suka gwada ma wata ƙaramar yarinya ta samu sauƙi, nan ma uwarta ce ta hana su sakat. Sai a farkon shekarun 1960 Robert Guthrie a Amurka ya fito da gwajin da ake tsira diddigen jariri a ɗiga jini kan 'yar takarda, yau a Turai da Amurka kusan kowane jariri sai an yi mashi a kwanakin farko. Mu nan Najeriya har yau ba a yi ma kowane jariri wannan gwajin, shi ya sa sai yaro ya kai shekara 3 ko 7 ake fara zargi, abin na ci mani rai ƙwarai.

Amma kar ki ce Anti ta ce PKU ce. Ba ta da yawa, a Turai kusan jariri 1 ne cikin 10,000, a baƙar fata ma ta fi haka ƙaranci, kuma jan gashi a wajenmu galibi tamowa ce da gaske. Akwai wasu cututtukan gadon masu kama da ita, gwajin ne kaɗai zai raba gardama.

Za su warke? Ba zan yi maki daɗin baki ba. Jaririn da aka kama tashi cikin sati ɗaya ko biyu da haihuwa aka ɗora shi kan abincin musamman yana tashi kamar kowa, ya yi makaranta ya yi aure. Wanda aka makara, ɓarnar da ta riga ta faru ba ta komawa duka, amma sau da yawa in aka sauko da sinadarin a jini jijjiga na raguwa, fushi da buga kai da ƙaiƙayin fata su lafa, yaro ya fara natsuwa har a iya koya mashi abu, kuma ɗan shekara 3 da rabi yana da sauran dama babba. Ga kuma haihuwar gaba, in an san sunan cutar to ƙaninsu ko ƙanwarsu da za a haifa ana iya gwada shi tun yana cikin zanin jego. Don haka ba asara ba ce ko kusa. Irin gwajin nan ba kowane asibiti ke yi ba, sau da yawa ɗibar jinin ake a aika Legas ko Abuja ko ma ƙasar waje shi ya sa tsadar, in kuɗin mutum biyu ba za su samu ba ki tambayi likitar ko za a fara da ƙaramin. Kuma dan Allah kar ki janye masu nama da wake da nono kafin sakamako ya fito, za ki haɗa masu da tamowa ki kuma rikita gwajin. Ko an tabbatar ma, aunawa ake yi ba hanawa kwata-kwata ba don jiki na buƙatar kaɗan, har gero da dawa sai an auna, sannan a cike da wata madara ta musamman, aiki ne na likita da masanin abinci.

Kafin nan akwai aikin da ba ya jiran sakamako kuma ba ya cin ko kwabo. A fara gwada jinshi a asibiti duk da zancen ledar biskit, don yaro na iya jin wata ƙara ya kasa jin wata. A gida kuma in yana juya murfin tukunyar nan kar ki ƙwace, ki zauna ƙasa gabanshi ki ɗauko naki murfin ki juya, in ya tsaya ki ce "ƙara?" ki yi shiru ki jira, ko kallonki ya yi ko ya turo maki hannu ki juya mashi nan take, ta nan yake gane cewa in ya nemi mutum ana amsa mashi. Kalma ɗaya-ɗaya, ruwa, tuwo, zo, kina faɗa kina nuna abin. Lokacin wanka da abinci da barci ya zama ɗaya kullum. A rufe rijiya da randa, a sa sakata sama a ƙofar gida don yaran nan ba su san tsoron titi ba. In jijjiga ta zo a kwantar da shi ta gefe, kar a cusa cokali ko yatsa a baki, kar a ɗura komai, in ta wuce minti 5 a yi asibiti, kuma wani ya ɗauki bidiyo a waya a nuna ma likita, ya fi dogon bayani.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni magidanci ne, matata ɗiyar kawuna ce. Allah Ya ba mu ɗiya biyar, biyu mace da namiji sun rasu tun suna jarirai, amai suka yi ta yi suka ƙi kama nono sai suma, ɗaya kuma yana raye amma ba ya magana ba ya kula kowa kuma ko ƙamshin nama ba ya so. Likita ya ce yana zargin gado ne. Yanzu Hajiyata ta tada hankali wai jinin dangin uwar matata ne ba kyau, ta ce in auri ɗiyar ƙanwarta. Mu kuma mun yi gwajin jini kahin aure dukkanmu AA ne, to ta ina gadon ya hito?
Daga wani uba, Daura

AMSA: Malam sannu da haƙuri, Allah Ya sa masu ceto ne, ita ma maiɗakinka a yi mata sannu. Gwajin da kuka yi na sikila ne kaɗai, AA na nufin ba ku ɗauke da sikila, bai ce komai ba a kan sauran cututtukan gado da sun kai ɗaruruwa. Amma yadda ake gadonsu galibi iri ɗaya ne da sikilar da ka sani. Uba na ɗauke da ƙwaya guda lafiyarshi lau, uwa na ɗauke da guda lafiyarta lau, sai yaro ya haɗa biyun cutar ta fito, kowane ciki dama 1 cikin 4, kuma kowane ciki lissafinshi daban, ba wai in an samu ɗaya sai uku masu lafiya su biyo ba. Akwai 'yan kaɗan da ta wajen uwa suke bi su fi kama 'ya'ya maza, nan ma ba laifinta ba ne don ba ita ta zaɓa ba, amma yawancinsu sai da kai da ita.

Toh ga inda nake so ka natsu. Kai da matarka inda kuka haɗu shi ne kakanninku, iyayen Hajiya da kawu. In ƙwayar ta nan ta biyo, wanda shi ya fi yiwuwa, to ta Hajiya ta iso gare ka ta kawu ta isa ga matarka, dangin uwar matar ba su shigo lissafin ba sam. Ɗiyar ƙanwar Hajiya kuwa jikar gidan nan ce ita ma, damar tana ɗauke da ƙwayar 1 cikin 4 ce. Kar ka je ka faɗa ma Hajiya haka gatsau, uwa ce kuma zafin rashin jikoki ne ke cinta, ka roƙi likitan ku je tare ya yi mata bayani da bakinshi, tsofaffinmu sun fi karɓa daga mai farar riga. Zancen ƙarin aure naka ne da iyayenka, nawa kawai kar a yi shi da sunan magani a kuma bar baiwar Allah da ta binne 'ya'ya biyu da tabon wai jininta ne.

Ni ban ce auren zumunci haramun ba ne ko duk wanda ya yi zai haifi mara lafiya. A auren bare jarirai 2 zuwa 3 cikin 100 ake haifa da wata babbar matsala, a 'ya'yan wa da ƙani abin ya kusa ninkawa, kenan sama da 90 cikin 100 lafiya lau suke zuwa. Amma gidan da abu ya riga ya nuna kanshi sau biyu sau uku lissafinshi ya canza, a nan ya kamata a dakata da haɗa yara har a san mene ne.

Yaronka mai rai a kai shi wajen likitan yara a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano, a faɗi labarin jariran nan biyu tiryan-tiryan. Ƙin nama da amai da suma suna sa a yi zargin cutar da ke tara wata guba da ake kira amoniya a jini bayan an ci abinci mai gina jiki. Kar a tilasta mashi naman, duk ranar da ya yi zazzaɓi ya ƙi cin abinci ko barci ya yi mashi yawa a tafi asibiti a ranar. Kuma kar a saya mashi maganin farfaɗiya a kemis, akwai wani mai suna balfurowet da ke da haɗari ga masu irin wannan.

TAMBAYA: Anti na ga wata a TikTok tana saida wani gari da ƙwayoyi wai suna warkar da otizim cikin wata uku, kuma ta ce a hana yaro madara da alkama da suga. In gwada? Kuɗin da yawa amma in zai yi magana zan saida ɗan kunnena.
Daga Maman 'yan biyu, Sabuwar Unguwa, Katsina

AMSA: 'Yar'uwa ki bar ɗan kunnenki a kunnenki. Babu gari ko ƙwaya da ke warkar da otizim, inda abinci ke zama magani shi ne inda aka gano takamaimai wace cuta ce, kuma abin da ke gyara wani shi ke kwantar da wani. Mai PKU rage mashi ƙwai da nama ake yi, har lemun kwalba mara suga da cingam masu sinadarin zaƙin nan aspatam an hana shi. Akwai kuma wata da likitoci uku Smith da Lemli da Opitz suka bayyana a 1964 take ɗauke da sunansu, jikin yaron ba ya iya haɗa wani nau'in kitse da ake kira kolastarol, za ki gan shi da ƙaramin kai, yatsun ƙafa na biyu da na uku a manne, kuma fiye da rabinsu na da alamun otizim, su ƙara masu kolastarol ake yi har da gwaiduwar ƙwai. A 2012 masu bincike sun gano wata a wasu iyalai masu auren zumunci 'yan asalin Masar da Turkiyya da Libiya, yara da otizim da farfaɗiya, su kuma jikinsu ƙone wasu sinadaran gina jiki yake da sauri, ƙari suke buƙata ba ragi ba. Wani yaron sinadarin kiriyatin mai ba da ƙarfi ne ƙwaƙwalwarshi ta rasa, wani bitamin bayotin, ki ga gashi na zuba fata na ƙuraje ga jijjiga, a ba shi 'yar ƙwaya kullum abin ya tsaya. To ta yaya mai saida gari da ba ta taɓa ganin ɗanki ba za ta san wanne ne nashi, in ma yana da ɗaya daga ciki? Yaran nan dama tsirfar abinci gare su, wani abu uku kacal yake ci, in kika cire madara da burodi me ya rage? Kuɗin ki kai shi a gwada jinshi, ki ga likitan yara.

TAMBAYA: Ana gaida Anti. Jikata ce ke rubuta mani. Jikana ya yi magana ras har da karatun Fatiha, da ya wuce shekara 3 sai magana ta riƙa zubewa, yanzu shekararshi 5 ba ya barci dare ko rana, ba ya zama wuri ɗaya, komai ya samu sai baki. Wasu sun ce allurar rigakafi ce wasu sun ce shafar aljanu, an yi ruƙiyya an yi hayaƙi ba sauƙi. Mi kika gani?
Daga wata kaka, Mai'aduwa

AMSA: Hajiya ina wuni, ranki ya daɗe, Allah Ya ƙara girma. Zancen allura daga Ingila ya taso, wani likita Andrew Wakefield ya wallafa shi a wata mujallar likitoci a 1998 a kan yara 12 kacal, daga baya aka gano maguɗi a aikin, a 2010 mujallar ta janye rubutun shi kuma aka soke lasisinshi. A Denmak an bi yara sama da 650,000 ba a ga allurar ƙyanda na jawo otizim ba. Abin da ke rikita mutane shi ne alamun kan fito tsakanin shekara 1 da 2, daidai lokacin da ake kai yara allura. Ita ƙyandar ma da kanta tana iya taɓa ƙwaƙwalwa, wani lokaci shekaru bayan yaro ya warke, don haka ƙannenshi a kai su a yi masu.

Amma Hajiya labarin jikanki ya sa na gyara zama. Yaron da ya yi magana sosai sannan bayan shekara 3 ya riƙa komawa baya kullum ana ragi, ba a tsayawa a ce otizim ne kawai a koma gida. Akwai cutar gado da ake kira Sanfilippo, an bayyana ta a 1963, wani sinadari ne ke taruwa a ƙwaƙwalwa sannu a hankali, yaro ya taso lafiya sai tsakanin shekara 2 da 6 a ga rashin barci da rawar kai da zubewar magana, sau da yawa da gashi mai kauri, gira cunkus, yawan mura da ciwon kunne da gudawa, kuma an sha ɗaukarta otizim shekara da shekaru. Har yau ba ta da maganin warkewa, amma ana taimaka ma barci da jijjiga, iyali kuma su san inda suka dosa. Akwai kuma farfaɗiyar da ke zuwa cikin barci ta ɗauke magana wadda ita ana maganinta, akwai ragowar sanƙarau ko maleriyar da ta hau kai, akwai gubar dalma irin wadda ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, kuma kwallin dutse da muke ranbaɗa ma jarirai akwai dalma a cikinshi. Duk likita ne zai tantance, a nemi a tura ku wajen likitan ƙwaƙwalwar yara.

Addu'a da tofi a ci gaba, babu mai hana wannan. Abin da nake roƙo a daina shi ne hayaƙi a rufaffen ɗaki da duka da ɗauri da sunan fitar da aljani, yaron da ba ya iya cewa wayyo ƙirjina shi ake turnuƙewa, na ga waɗanda aka kawo mamu da tabon igiya a ƙafa suna firgita in an miƙo masu hannu. Tun Janairun 2019 marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, jikanki na da haƙƙi kamar kowane ɗa.

TAMBAYA: Anti ina da yaro mai irin matsalar nan ana kan bincike ba a gama ba, ga shi ina da ciki wata 7, tsoro ya hana ni sakat. Mi zan yi?
Daga wata 'yar'uwa, Rafin Daɗi, Katsina

AMSA: Allah Ya raba lafiya ƙanwata. Ko da an tabbatar gado ne galibi dama 3 cikin 4 ce wannan ya zo lafiya, ki riƙe wannan. A awo na gaba ki faɗa masu labarin yayanshi a rubuta a katinki, ki koma wajen likitan da ke binciken ki ce mashi saura wata 2, ya shirya gwajin da za a yi ma jaririn tun a satin farko. Ki haihu a asibiti, ki ba shi nono kamar kowa har sai likita ya ce wani abu. In ya ƙi kama nono, ko barci ya yi yawa ba ya tashi, ko amai, ko numfashi da sauri, ko kika ji baƙon wari a jikinshi, a tafi a daren kar a jira a yi suna. Ki riƙa duba idonshi da dasashinshi a hasken rana ba na ɗaki ba, in kika ga rawaya shawara ce, ba a maganinta da shanya a rana ko ruwan gulukos ko jiƙo, asibiti ake zuwa a auna a sa shi a fitila, don shawarar da ta yi yawa na barin yaro da kurumta da sanƙarewar jiki. Kuma kayan jariran da kika adana a akwati da kafur ki fiddo su tun yanzu ki wanke ki shanya, kafur ɗin ki fitar da shi daga ɗakin gaba ɗaya, yaranmu maza da yawa sun gaji ƙarancin wani enzayim G6PD kuma kafur na farfasa masu jini.